Kafin a Sauya wa Hilux Fuska, a Duba Tsakanin Kujerunta



Duk mai bi ta wajen masu gyaran mota a Kano ko Kaduna ya san yayin da ake ciki. A kawo Hilux ta 2008, a cire mata fitilu da bamba, a ɗaura na sabon samfuri, ta fito fes kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. Ka buɗe ƙofa kuwa, sai ka tarar da akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, wanda masu sayar da kayan mota ke ce wa konsol, ya tsage, murfinsa ya ɓalle, an ɗaure shi da roba. A ganina da wannan akwati ya kamata a fara. Fuskar mota masu kallo ke morar ta, amma wanda zai tuƙa daga Kano zuwa Maiduguri, da akwatin nan zai wuni.

Na san wani zai ce ai roba ce kawai, me za ta ƙara? To a tambayi direba inda yake ajiye waya da gorar ruwa da takardun mota idan konsol ya lalace. Waya tana kan cinya, gora tana ƙasa tana gangare. Ranar da gorar ta shige ƙarƙashin birki, ka taka ya ƙi sauka, ranar za ka san robar nan tana da aiki.

Sai dai sauya shi yana da ƙa'ida, kuma a nan ne mutane ke yin asara.

Na farko, shekarar mota. Toyota ta fara ƙera Hilux tun 1968, amma iri biyu ne suka cika hanyoyinmu: wadda ta fito a 2004, da wadda ta gaje ta a 2015. A tsohuwar, mai ja da ƙafa huɗu tana da ƙaramar sanda ta biyu kusa da giya. A yawancin sababbin, maɓallin murɗawa ne ya maye gurbin sandar. Wanda ya nace sai an sa masa konsol ɗin sabuwa a tsohuwa, dole a yanke roba a huda rami, daga nan kuma ƙara da girgiza ba za su rabu da shi ba. Haka ramin giyar hannu ya bambanta da na otomatik.

Na biyu, gefen sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu. Tailan da Afirka ta Kudu, inda ake ƙera Hilux da yawa, nasu yana dama. Konsol ɗin da aka ciro daga irin motarsu yakan zo da ramin birkin hannu a gefen da bai dace da tamu ba, kuma a hannun mai shago ba lallai ka lura ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. A motoci da yawa, na'urar da ke ba jakar iska umarnin buɗewa idan an yi karo tana ɗaure ne a tsakiyar mota, ƙarƙashin konsol ko dab da shi, kuma mahaɗin wayoyinta launin rawaya ne. Bakanike mai hankali sai ya cire kan batir ya ɗan jira kafin ya kai hannu wurin, kuma ba ya huda ƙasa da dirila don neman wajen ɗaure noti. Idan an gama aiki fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa a dashbod, kada ka yarda a rufe ta da salatif. Haka idan sabon akwatin yana da wajen cajin waya, a kira mai wayarin ya ja wutar ta fiyus. Wayar da aka fere aka murɗe da hannu a ƙarƙashin kafet tana iya ƙone mota sukutum.

Wajen saye kuma, na fi yarda da na asali ɗan Beljiyam, ko da ya ɗan kwana biyu, a kan sabo mai walƙiya wanda zafin bazara ɗaya zai lanƙwasa masa murfi. Araha ba ta ado. Ka tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka da tsohon a hannu, a jera su, a ƙirga ramukan noti, kuma a yi sharaɗin mayarwa idan bai zauna ba.

Wanda kuɗinsa ya isa duka biyu, ya gyara ciki da waje, babu laifi. Wanda kuwa na abu ɗaya gare shi, ya bar wa motarsa tsofaffin fitilunta, ya gyara inda hannunsa ke sauka kullum. Direbobi da masu motocin cikinmu, ku faɗa mana abin da kuka gani a taku.