Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Wutar Lantarki: Ina Wutar Lambar Rimi?

Mai girma Minista,

Daga Kakuri wannan takarda ta fito, unguwar da masaƙunta suka durƙushe, kuma rashin wuta na cikin abin da ya durƙusar da su. Tambayarmu ɗaya ce: ina wutar Lambar Rimi? Tun 2005 gwamnatin Katsina ta marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ɗauko aikin tashar nan mai aiki da iska, gwamnatin tarayya ta karɓe shi, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar kafa fankoki 37 da za su ba da megawat 10. An sa ranar ƙaddamarwa an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa, har yaron da aka haifa a shekarar ya isa aure. Ranka ya daɗe, fanka nawa ke juyawa yau?

Za a ce rashin tsaro ne. Gaskiya ne an sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a Rimi cikin Disambar 2012, amma ya kuɓuta tun Nuwamban 2013, uzurin ya tsufa. Za a ce megawat 10 ba ta taka kara ta karya ba. To ga tashar Kudenda mai megawat 215 a nan gefenmu, an ba da kwangilarta tun 2009, ita ma jira muke. Wanda ya kasa riƙe ƙarama, wa zai yarda zai riƙe babba? A Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Mando ya lalace, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, mai walda a Makera ya jingine kayan aiki, tela a Barnawa ya koma keken ƙafa. Ran nan aka ga amfanin wutar da ake samarwa a gida.

Mun san gadon matsalar ka yi, kuma muna kyautata maka zato. Amma shirun naka ne. Batun mita, kuɗin wutar ƙiyasi da taransifomar da unguwa ke saye da karo-karo, mun ajiye su sai wani jiƙon. Yau dai ka fito ka bayyana nawa aka kashe a Lambar Rimi, wuta nawa take turawa, wa ke kula da gyaranta, kayan gyaran kuma suna ina. In ka yi shiru, za mu lissafa ka cikin waɗanda suka zo suka wuce suka bar ƙarfe yana tsatsa.

Wassalam.
Mazaunin Kakuri, Kaduna