Ra'ayinmu: Tokar gawayin ƙasa ba tokar itace ba ce

Tun shekarar 1981 Nijar ke ƙona gawayin ƙasa na Anu Araren, a jihar Agadas, don samar da lantarki. Daga baya hukumomi suka shiga kwaɗaitar da jama'a dafuwa da shi, domin a rage saran itatuwa. Wannan manufa ce mai kyau, kuma muna goyon bayanta. Amma akwai abin da ya kamata masu shayi, masu tuwo da masu sayar da wake na kasuwannin Konni, Illela, Ɗan Isa da Jibiya su sani game da tokarsa.

Mun saba da tokar itace: ana tace ruwanta a zuba a miya, a goge tukunya da ita, a cuɗa ta da wake don maganin ƙwari. Tokar gawayin ƙasa daban take. Ban da ƙurar dutse, takan ɗauki guba irin su dalma da arsenik. Mafi sauƙinta kan tashi sama, kuma ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Hanci ba ya iya tare ta, sai ta zarce can cikin huhu. Ƙwayoyin halittar da ke share huhu su haɗiye ta, su kasa narkar da ita, wurin ya kumbura, a hankali ƙwayoyin su lalace. Daga nan sai tari, numfashi sama-sama, wani lokaci ciwon daji.

Ba jita-jita ba ce. A gundumar Shuwanwai ta ƙasar Sin, matan da ba su taɓa shan taba ba sun yi ta kamuwa da ciwon dajin huhu saboda dafuwa da gawayin ƙasa cikin ɗakunan da ba mafitar hayaƙi. A 2006 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hayaƙi cikin abubuwan da tabbas ke haddasa cutar.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwa: a hura shi a fili, ba cikin rufaffen shago ba. A yayyafa wa tokar ruwa kafin a kwashe, a binne ta nesa da rijiya da wurin wasan yara. Kada ta shiga miya ko buhun wake. Masu sayar da shi su riƙa faɗa wa mai saye gaskiya, hukumomin lafiya kuwa su kai wannan bayani gidajen rediyo. Ribar da za ta ƙare a gidan likita ba riba ba ce.