Churchill na fim ya burge ni, amma ina labarin kakanninmu na Burma?

Sau uku ina kallon Darkest Hour a wayata, kuma duk sanda Gary Oldman ya miƙe a majalisar Birtaniya yana jawabi sai tsigar jikina ta tashi. Ya cancanci kyautar Oscar da ya lashe a 2018. Tafiyar Winston Churchill, muryarsa, har yadda yake riƙe taba sigari, duk ya kwaikwaye su kamar tare suka tashi.

Fim ɗin ya ɗauko watan Mayun 1940, lokacin da Churchill ya zama firaminista, dakarun Hitler na murƙushe Faransa, sojojin Birtaniya kuma sun maƙale a gaɓar Dunkirk. Ministan harkokin waje, Lord Halifax, yana so a nemi sulhu ta hannun Italiya. Churchill ya ƙi, daga baya kuma aka kwashe sojoji sama da 338,000 ta teku. Wannan duk ya faru, kuma taurin kansa ya yi wa duniya rana.

Inda na fara ja da baya shi ne wurin da aka nuna shi cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan yana neman shawarar talakawa, har yana raha da wani baƙar fata. Wannan ƙirƙira ce ta masu fim. Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a nan haɗarin yake. Matashin da ya kalli wurin nan zai tashi da hoton Churchill mai ɗaukar kowa daidai, alhali mutumin ya rayu yana kare mulkin mallaka da duk ƙarfinsa.

A watan Agustan 1941 shi da shugaban Amurka Roosevelt suka fitar da sanarwar Atlantika, wadda ta amince da ’yancin kowace al’umma ta zaɓi irin gwamnatin da take so. Wata guda bayan haka ya shaida wa majalisa cewa ƙasashen Turai da ’yan Nazi suka mamaye ake nufi. Mu da muke ƙarƙashin Birtaniya a lokacin ba ma cikin lissafi. A 1943 yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan 3 a yankin Bengal na Indiya, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan girman alhakin gwamnatinsa, wadda ta fifita jiragen ruwan jigilar kayan yaƙi a kan na hatsi.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Dubban ’yan Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Burma cikin runduna ta 81 da ta 82, da yawansu daga Arewacin Najeriya, har Hausa ta zama harshen da ake magana da shi a tsakaninsu. Cikin finafinan Churchill da na kalla, babu wanda ya ba su ko minti ɗaya.

Shi ya sa, idan aka ce in zaɓi gwanina, Into the Storm na 2009 zan ɗauka, wanda Brendan Gleeson ya fito a ciki. Ya nuna jarumin yaƙi yana hutu a Faransa yana jiran sakamakon zaɓen 1945, zaɓen da ’yan ƙasarsa suka kayar da shi a ciki. The Gathering Storm na 2002 shi ne na biyu, saboda Albert Finney ya nuna shi a shekarun 1930, cikin bashi da kaɗaici, yana gargaɗi kan Jamus ana yi masa kunnen uwar shegu. A duka biyun mutum ake gani, mai kuskure da rauni.

Ba na ganin laifin Turawan Ingila don sun yabi gwarzonsu, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ƙorafina yana kan masu shirya finafinanmu. Tsofaffin da suka je Burma sun kusa ƙarewa, amma ’ya’yansu da jikokinsu na nan da labaran da suka ji daga bakinsu. A kalli Darkest Hour, a ji daɗinsa. Amma a je a naɗi waɗancan labarai tun masu riƙe da su suna raye.