Wai Shin Ƙanwa Kishiya Ce?

Yau da marubutanmu nake, kuma duk wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A 1868 wata Ba'amurkiya, Louisa May Alcott, ta fitar da littafinta Little Women, labarin 'yan mata huɗu uwa ɗaya uba ɗaya: Meg, Jo, Beth da Amy. Yau shekara fiye da 150 ke nan ana buga shi ana karantawa, an kuma mayar da shi fim a 1933, 1949, 1994 da 2019. Wasu za su ce ai ƙarfin kasuwar Turawa ne kawai. Ban yarda ba, domin littattafai nawa aka buga a Amurka a waccan shekarar da yau ko sunansu ba a ji?

Abin da ya raya shi, Alcott ta ɗauki zaman 'yan'uwa mata a matsayin labari mai cin gashin kansa. Gidan talakawa ne, uba ya tafi fagen yaƙin basasa. Da labari ya zo yana kwance ba lafiya a Washington, Jo ta je ta sayar da gashin kanta dala 25 don taimaka wa tafiyar mahaifiyarsu. Suna faɗa kuwa, faɗa mai zafi, har Amy ta ƙona littafin da Jo ta daɗe tana rubutawa. Kai, saurayin da Jo ta ƙi, Laurie, Amy ce ta aure shi daga baya, amma babu wadda ta nufi gidan boka.

To mu fa? Ka ɗauki goma daga cikin littattafan da ke yawo a wayoyinmu, ka ƙirga nawa ne ƙanwa ba ta ƙwace mijin yayarta ba, ko yaya ba ta yi wa ƙanwa asiri ba. Da zarar mata biyu sun fito ciki ɗaya, sai marubuci ya jefa Alhaji mai mota a tsakaninsu, shi ke nan labari ya samu. Wannan lalaci ne, kuma ƙarya ce ake yi wa gidajenmu.

Ba wai ba mu da abin koyi ba. Zaynab Alkali a The Stillborn, 1984, ta nuna Li da yayarta Awa, ɗaya ta nufi birni ɗaya ta zauna riƙon gida, sai dai da Turanci ta rubuta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne ta nuna yadda Rabi ta tsaya da ƙafarta ta riƙe 'ya'yanta bayan miji ya kore ta. Hanyar a share take, bin ta ne aka ƙi.

Abin da ya fi ci mini rai, gidan da Alcott ta zana yana nan a Kamarawa, da ƙauyukan Isa da Sabon Birni. Tun daga 2019 dubban mutanen wannan yanki na Gobir suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Wani uban an kashe shi, wani an kama shi, wani ya tafi ci-rani. Wa ya riƙe gidan? Yaya ce ta goya ƙanwa, ta bar makaranta don ƙanwar ta ci gaba, aka sayar da akuyarta aka haɗa kuɗin fansa. Su ma suna faɗa kan zane da ɗankwali, su ma suna da wanda suke so a ɓoye. Yarinyar da ke cikin wannan hali in ta ari waya ta buɗe littafi, sai ta tarar ana faɗa mata cewa yayar nan da ke goye da ita wata rana za ta ƙwace mata miji a wani katafaren gida a Abuja.

Masu cewa makaranta ba za su sayi labarin talauci ba, yaushe kuka rubuta aka ƙi saye?