Mai Ceton Rai Ma Yana Iya Suma Wajen Ba Da Jini



Waɗanda suka halarci taron ba da gudummawar jini da aka yi a unguwarmu nan Agege kwanakin baya sun ga abin da ya faru. Cikin waɗanda suka fara kwanciya a gado har da wani matashi mai aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, wanda aka gayyato shi da abokan aikinsa domin su ƙarfafa wa jama'a gwiwa. Ledar jinin ba ta kai rabi ba gumi ya keto masa, ya ce yana ganin duhu, sai ya sulale. Ma'aikatan suka zare allurar, suka ɗaga ƙafafunsa sama, kafin minti biyu ya farfaɗo yana tambayar me ya faru.

Abin da ya dame mu shi ne abin da ya biyo baya. Wasu suka bushe da dariya, wani ya zaro waya yana ɗauka, samari da dama kuma suka zame daga layi suna cewa idan wanda ke kwasar jini a titi kullum ya faɗi, ina ga mu? Ra'ayinmu shi ne an yi wa bawan Allah nan rashin adalci, kuma mun cuci kanmu.

Irin wannan suma likitoci sun san ta sarai. Idan fargaba ko ganin allura ya taɓa mutum, wata jijiya a jiki takan sa bugun zuciya ya ragu, hanyoyin jini su saki, jinin ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshe na ɗan lokaci. Shi ya sa maganin farko shi ne a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa. Ta fi samun masu bayarwa karon farko, da matasa, da marasa ƙiba. Ba ruwanta da jarumta, kuma ba alama ba ce ta cewa jini ya ƙare. Abin da ake ɗiba kusan mililita 450 ne, alhali babban mutum yana ɗauke da wajen lita 5. Ruwan da ya fita yakan dawo cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin jini kuma cikin 'yan makonni.

To me ya sa har ma'aikacin agajin gaggawa? Wanda ya taɓa ganinsu a bakin aiki, misali a wurin haɗari kan babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, ya san hankalinsu yana kan abin yi ne: a tsayar da jini, a ɗaure karaya, a ɗora a mota. Ba su da lokacin tsoro. Amma ranar da aka kwantar da shi, hannu a miƙe, ba abin da zai yi sai kallon jininsa yana bin roba, labari ya sha bamban. Ai wanzami ma ba ya son jarfa.

Sannan yanayin aikinsu yana ƙara musu haɗari. Da yawa daga aikin dare suke zuwa, babu barci, babu abin kirki a ciki sai shayi, ga ƙishirwa. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake hana mai ba da jini zuwa da su. Ga kuma kunya: wanda jama'a ke kira likita yana jin nauyin ya ce "ina jin jiri" a gaban abokan aikinsa, sai ya daure har ya faɗi. Ita ma nas ɗin da ke soka allura takan rikice idan abokin aiki ne a gabanta, ta kuskure jijiya, wurin ya kumbura ya yi baƙi na 'yan kwanaki. Duk ƙananan abubuwa ne da ake iya kaucewa.

Wani zai ce, in haka ne a bar su da aikinsu, ba sai sun bayar ba. Ba mu yarda ba. Su ne suka fi kowa sanin abin da ake ji idan an kai mutum asibiti aka ce babu jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa tana buƙatar aƙalla kashi 1 cikin 100 na jama'arta su riƙa bayarwa kafin ta biya buƙatunta na yau da kullum, kuma Najeriya ba ta kai nan ba. Jini kuma ba ya ajiyuwa har abada. Jajayen ƙwayoyi ba sa wuce kwana 35 zuwa 42 a firiji. Ba mu da mutanen da za mu sallama daga layi. Abin da ya kamata shi ne a gyara tsari.

Muna kira ga shugabannin asibitoci da na motocin agaji su daina barin ma'aikaci ya ba da jini daga saukarsa aikin dare, kuma kada ya koma tuƙa motar marasa lafiya a wannan rana. Sumar da aka yi a kan gado wasa ce idan aka kwatanta da wadda za ta zo a kan sitiyari. Su kuma ma'aikatan su cire kunya: ka ci abinci, ka sha ruwa kamar rabin lita kafin a fara, ka kawar da kai daga allurar, ka riƙa matse cinyoyinka kana saki, kuma da ka ji zufa ko tashin zuciya ka yi magana. Bayan an gama a zauna minti 10 zuwa 15 kafin a miƙe. Mai azumi ya bari sai ya sha ruwa.

Sai mu kuma. Mu da ke zaune a kudu mun fi kowa sanin zafin wannan magana. Idan haihuwa ta zo wa matar ɗayanmu da zubar jini, ko babur ya kayar da ɗan uwa cikin dare, asibiti zai ce a kawo wanda zai bayar. Danginmu na Kano, na Sakkwato, na Katsina, kafin su iso an gama. Daga nan sai a faɗa hannun masu sayar da jini a ƙofar asibiti, mutanen da wasunsu ke bayarwa akai-akai suna ɓoye rashin lafiyarsu saboda kuɗi. A nan, maƙwabci shi ne dangi.

Sharuɗɗan ba su da wuya: shekara 18 zuwa 65, nauyin kilo 50 zuwa sama, da ƙoshin lafiya. Ana auna ƙarfin jininka kafin a ɗiba, sannan a bincika shi saboda cutar ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere. Namiji na iya maimaitawa bayan wata 3, mace bayan wata 4.

Wanda ya ɗauki bidiyon nan, muna roƙonsa ya goge. Mutumin da ya zo ya miƙa hannunsa domin wanda bai sani ba, ko da zuciyarsa na dukan uku-uku, godiya ya cancanta. Su kuma samarin da suka zame, idan an sake kira muna fatan ganinsu a sahun gaba, ciki a cike, da robar ruwa a hannu.

Allah Ya saka wa ma'aikatan agaji da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.