Kada Mu Ƙone Abincin Dabbobinmu

'Yan'uwa manoman Ƙaraye da Rogo, idan mun gama bugun waken suya, ina muke kai kowar? Yawancinmu wuta muke cinna mata, watan Maris kuma mu sayi dusa da tsada.

A Amurka da Brazil ko ɓawon ƙwayar ba a zubarwa. Ana ba shanu, masana kuma suna fitar da zaren cikinsa, wato selulos, irin wanda ake yin takarda da shi.

Ba mu da wannan inji tukuna, amma muna da rumbu. Mu shanya kowar, da ɓawon da masu awara ke zubarwa, mu adana. Ragon da ya ƙoshi da rani, shi zai saya mana taki da damina.