Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Jama'a, kirarin da ake yi wa Jihar Neja shi ne jihar wutar lantarki, kuma ba ƙarya aka yi ba. Madatsar Kainji tana nan tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro ta 1990, ga autarsu Zungeru mai megawat 700. Amma shigo Kwantagora da zafin bazara ka ga ikon Allah. Ranar da aka kawo wuta sai yara su ɗau ihu kamar an ga watan Salla. Uwargida ta saki muciya ta ruga neman dutsen guga, maigida yana laluben abin cajin waya. Kafin dutsen ya yi zafi, an ɗauke.

Wai har Yamai ta Jamhuriyar Nijar ake kai wutar Nijeriya. Da aka yanke musu a 2023 saboda juyin mulki, ban ji wanda ya ce tasa ta ƙaru a nan ba.

Mu dai muna dariya, amma tela da mai walda da mai niƙa ba sa yi. Janareta ba ya shan ruwan rijiya, ga fetur ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Jihohin man fetur suna karɓar kashi 13 cikin ɗari na abin da aka haƙo a ƙasarsu. Mu fa, da ruwan Kainji ya cinye tsohon garin Bussa? A ganina, a fara ajiye mana namu kason kafin a aika wa 'yan'uwanmu na Ikko.